Ginin benen islamiyyarmu: yaya ake gane aikin da ke jiran wani aiki?

Sakataren Kwamiti ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shawara nake nema daga duk wanda ya san harkar tsara aikin da mutane da yawa ke sa hannu a ciki, injiniya ne ko ɗan ofis ko magini.

Ni malamin lissafi ne a sakandare, ban taɓa ɗaukar bulo ba. Amma a unguwarmu da ke bayan garin Kano an ɗora mini sakataren kwamitin ginin islamiyya, mu bakwai ne. Shekara uku da suka wuce muka gina aji uku na ƙasa, da fandisho da ginshiƙai irin na bene, kuɗi suka ƙare, muka rufa kwano na wucin gadi. Yanzu Allah ya hore, muna so a cire kwanon, a zuba dekin, a ɗora aji uku a sama kafin damina ta sauka.

Abin da ke hana ni barci shi ne abin da ya same mu a ginin ƙasa. A lokacin na zauna na tsara jadawali a Excel, kowane aiki da layinsa, da ranar farawa, da ranar gamawa, da sunan mai kula da shi. Na buga na raba wa kowa. Ko sati biyu bai yi ba ya koma takardar ƙunshe ƙosai. Mai filasta ya zo da yaransa ranar da na rubuta masa, ya shafe aji biyu tas, gwanin sha'awa. Washegari sai ga mai wayarin yana tambaya wa ya ce a shafe bango alhali bai binne bututunsa ba. Muna tsaye muna kallo ya farfasa sabuwar filasta da guduma, muka biya kuɗin shafe sau biyu. Tagogi kuma ba wanda ya tuna ya kai wa mai walda awo sai da aka gama bulo. Ya ce sati biyu, ya kwashe uku. Siminti buhu 60 da ma'ajinmu ya saya da wuri don gudun tashin farashi, 11 daga ciki suka daskare saboda yoyon ɗakin ajiya.

Ba wanda ya ci amana fa. Kowa ya yi abin da takardata ta ce, ranar da ta ce. Takardar ce ba ta san wani aiki bayan wani yake bi ba.

Ga ayyukan wannan karon da kwanakin da masu yin su suka faɗa mini: cire tsohon kwano 2, katakon dekin 5, ɗaurin rodi 4, bututun wuta a cikin dekin 1, zuba kankare 1, bulo har linta da abin da ke samanta 12, rufi 6, wayarin bango 3, haɗa tagogi da ƙofofi a wurin mai walda 14, kafa su 2, filasta 8, fenti 4. Na tara, kwana 62 ne. Shugaban kwamiti ya ce in aka ƙara leburori wata ɗaya ya isa. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Kuma yaya ake fitar da wane aiki ke jiran wane tun kafin a yi ɓarna? In manhaja ce ku faɗa mini sunanta.

Injiniyan Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kai da shugabanku duka ba ku samu ba. Kwana 67 ne a yadda ka tsara, kuma zan nuna maka inda za ka yanke 10.

Kafin lissafi, abu biyu da ba su cikin jerinka kuma sun riga komai. Na ɗaya, injiniyan da ya yi rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya zo ya duba fandishon da ginshiƙan nan, ya tabbatar za su ɗauki bene. Cewa an yi su irin na bene ba ta isa ba, yara za su zauna a ƙarƙashinsa. Na biyu, takardar izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, in ba a haɗa da benen a izinin farko ba. Waɗannan ba a hannunku suke ba, ba kuma za ku sa musu rana ba, don haka ku fara bin su gobe.

Yanzu ka manta da ranaku tukuna. Kuskurenka na wancan karon shi ne ka fara da kalanda. Kalanda ita ce ƙarshe. Ka ɗauki kowane aiki ka yi masa tambaya ɗaya: me yake jira kafin ya fara? Ka rubuta amsar a gabansa. Filasta tana jiran abu uku, rufi, wayarin bango, da kafa tagogi. Da wannan layi ɗaya yana takardarka shekara uku da suka wuce, da guduma ba ta taɓa bangonku ba.

Sannan ka bar ayyuka biyu da ba mai yin su, shi ya sa kowa ke mantawa da su. Jira. Bayan an zuba kankare ba a hawa a fara jibga bulo washegari. Ƙarfin kankare a kwana 28 ake auna shi, a kwana bakwai yakan kai kusan kashi biyu cikin uku. Ni ina ba da kwana 7 ana ba shi ruwa safe da yamma kafin magini ya hau, gorar da ta tokare shi daga ƙasa kuma ba na bari a taɓa ta kafin kwana 21. Injiniyanku na iya ƙarawa, ku bi nasa. Haka filasta, ka ba ta aƙalla kwana 7 ta sha iska kafin fenti, in ba haka ba fentin zai yi ta ɓarewa.

To mu lissafa, tunda sana'arka ce. Cire kwano 2, katako 5, rodi 4, bututu 1, kankare 1, jira 7, bulo 12. Waɗannan layi ɗaya suke kamar raƙuman ayari, ba mai wuce na gabansa. Rana ta 32 bulo ya ƙare. Daga nan hanya ta rabu uku, kuma duka ukun suna iya tafiya lokaci guda. Mai wayarin ya gama rana ta 35. Kafinta ya gama rufi rana ta 38. Mai walda, in sai an gama bulo aka kai masa awo kamar wancan karon, 14 da 2, rana ta 48. Mai filasta ba ruwansa da wanda ya riga gamawa, na ƙarshe yake jira. Ya fara bayan rana ta 48, ya gama 56, bushewa 63, fenti 67.

Wannan layin da ya fi kowanne tsawo, mu kira shi doguwar sarƙa. Duk aikin da ke kanta, in ya makara kwana ɗaya, ginin gaba ɗaya ya makara kwana ɗaya. Wanda ba ya kanta yana da rara. Kafintan rufi yana da rarar kwana 10, mai wayarin 13. Ka ga ke nan ko shugabanku ya kawo kafintoci ashirin su gama rufi a wuni ɗaya, ba ku rage ko awa guda ba, kuɗi kawai kuka ƙona. Leburori dubu kuma ba sa sa kankare ya yi ƙarfi da wuri.

Ga inda kwana 10 suke. Me ya sa mai walda yake jiran bulo? Awo yake jira, ba bango ba. Tagogin sama ai girman na ƙasa ne. Ku auna na ƙasa yau, ku ba shi aiki tun ranar da za a cire kwano, magini ya bar gurabe daidai da firam ɗin. Sai a kafa su rana ta 33 da 34, filasta ta fara bayan rufi rana ta 38, ku gama rana ta 57. Amma ka lura, sarƙar ta koma kan rufi. Kafintan da jiya yake da rarar kwana 10 yau ba shi da ko ɗaya, shi ne za ka riƙa kira a waya kullum.

Wannan dabara ba tawa ba ce, ta girme ni. A 1957 James Kelley na kamfanin Remington Rand da Morgan Walker na DuPont suka fito da ita a Amurka, ana kiranta CPM, wato dabarar gano doguwar sarƙa, don tsara gini da gyaran masana'antun sinadarai. A 1958 sojan ruwan Amurka suka fito da 'yar uwarta, PERT, a aikin makami mai linzami na Polaris. Jadawalin da ka yi a Excel kuwa jikan zanen Henry Gantt ne na wajajen 1910, mai nuna yaushe da tsawon kowane aiki. Zane ne mai kyau, amma in ba a ja masa kibiyoyi ba, ba ya faɗar wa ke jiran wa. Ka tsaya a 1910 ne kawai, Malam.

Manhaja akwai. A manyan kwangiloli Primavera da Microsoft Project ake amfani da su, ProjectLibre da GanttProject kuma kyauta ne. Amma aiki goma sha huɗu bai kai a kunna kwamfuta ba. Allon ajinku da alli sun isa.

Maman Ilham ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Malam. Lissafin Injiniya daidai ne, ba ni da ja. Inda zan ƙara shi ne wa zai ja kibiyoyin. In kai kaɗai ka zauna a ɗaki ka ja su, za ka sake yin takardar ƙosai, sai dai wannan karon mai kibiyoyi.

Ni ba gini nake yi ba, shekara tara ina tsara tarukan horaswa da rabon kaya a ƙauyuka. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne in tara masu yin aikin da hannunsu a ɗaki ɗaya, ba shugabanninsu ba. Ka kira magini, kafinta, mai ɗaurin rodi, mai wayarin, mai walda, mai filasta, da ma'ajinku. Ka sayi lemo da ruwa. Kowa ka ba shi ƙananan takardu masu manne, launi ɗaya ga mutum ɗaya, aiki ɗaya a takarda ɗaya. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami ko ya faɗa a rubuta masa.

Sai ku fara daga ƙarshe. Ka manna takarda a ƙarshen allo: yara sun shiga aji. Ka tambaya, me ya kamata ya gama kafin wannan? Fenti. Mai fenti, me kake buƙata ka tarar ranar da ka zo? Haka za ku yi ta komawa baya har ku iso ranar cire kwano. In ka fara daga farko kowa labarin aikinsa zai ba ka. In ka fara daga ƙarshe dole ya faɗi abin da yake nema a hannun wani, kuma wanin yana zaune yana ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za ka ji abubuwan da ba su taɓa zuwa maka a rai ba.

Kowace kibiya kuma ka tambaye ta dalilinta, domin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda Allah ya yi ta haka, ba a zuba kankare kafin rodi, wannan ba a ciniki da ita. Akwai ta sabo, haka muka saba yi, irin ta mai waldan da Injiniya ya tsinke maka. Akwai kuma wadda ta fi cizo, ta mutum ɗaya ko kaya ɗaya. In kafintan da zai cire katakon dekin a ƙasa shi ne zai yi rufi a sama, to ayyukan nan biyu suna jiran juna ko da a takarda ba abin da ya haɗa su. Ni na taɓa tsara horaswa biyu a garuruwa biyu rana ɗaya, komai ya yi daidai, ashe janareta ɗaya muke da shi.

Sannan ba kowane jira ba ne sai an gama a fara. Mai fenti ba sai an shafe aji uku ba, yana iya shiga na farko da zarar ya bushe, mai filasta yana na uku. Wani kuma gamawarsu ce a haɗe, kamar ba a rufe lissafin kuɗi sai an gama biyan kowa. Akwai na huɗu da ba kasafai ake gamuwa da shi ba, irin maigadin dare da ba ya tashi sai na safe ya iso.

Tambaya ɗaya da ban ga kowa ya yi ba. Ina yaran za su zauna? Ranar da aka cire kwano ajujuwan ƙasa sun tashi daga aiki. A lissafin Injiniya rana ta 13 ake zuba kankare, gora ta zauna kwana 21, rana ta 34 ke nan kafin a fara kwashe ta, balle shara. Sama da wata guda ba aji. Samo wa yara wurin karatu shi ne aikinku na farko, kuma na malamai da iyaye ne, ba na magina ba. Ku sa shugabar ɓangaren mata a zaman nan.

Ɗan Magini ya amsa:

Salamu alaikum. Na karanta wa Baba wannan zance duka, shekararsa arba'in da wani abu yana gini tsakanin Kano da Maraɗi. Ya yi dariya ya ce in rubuta muku abin da ya ce, ban ƙara ban rage ba.

Ya ce a gaida Injiniya, ƙidayarsa ta yi, amma kwanakin takarda ne. Kankare bai san Juma'a ba, yana bushewa ko ana aiki ko ba a yi. Lebura kuwa ya san ta. A cikin 57 ɗin nan 14 ne kawai na jira, sauran 43 na gumi ne, in ka cire ranar hutu ɗaya a sati kun haura wata biyu. In azumi ya faɗo a ciki, aikin wuni ya koma na safe zuwa azahar. In sallah ta faɗo, ka cire sati guda, kar wanda ya yaudare ka da cewa kwana biyu zai yi a gida.

Ya ce babbar kibiyar da ba ku ja ba tana sama. Yawancin leburorin nan 'yan ci-rani ne. Ranar da suka ji an yi ruwan shuka a garinsu, ko kana tsakiyar linta za su ajiye kwanon kankare su nufi tasha, kuma ba su yi laifi ba, gona ce abincin shekara. Don haka ranar ƙarshenku ba ranar da ruwa zai sauka a Kano ba ce wajen Yuni, ranar da ya sauka a ƙauyensu ce. Aikin da ke cin mutane da yawa, dekin da bulo, shi za ku tura gaba. Filasta da fenti ko ana ruwa a yi su, in dai an rufa.

Ya ce ranar zuba dekin ba ta da gobe. In an fara sai an gama. Don haka kwana biyu kafin ranar ka je da idonka ka ga yashi, tsakuwa, siminti, injin kwaɓa da mansa, da ruwa. Ruwa musamman. A bazara in ka dogara da 'yan garuwa ranar zubi, za ka sha mamaki. Ku cika tankuna tun jajibere, ku kuma san inda ruwan da za a riƙa ba kankaren kwana bakwai zai fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kan mai walda kuma ya ce sati biyunsa na jiran wuta ne. Ka tambaye shi yana da janareta, kuma wa zai sayi mai.

Kan siminti ya ce kar ma'ajinku ya sake. A saya na dekin dab da zubi, na bulo dab da bulo, a ɗora kan katako nesa da bango.

Sakataren Kwamiti ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya, Hajiya, a kuma gaida Baba da kyau. Jiya Asabar bayan la'asar muka yi zaman a aji na biyu. Ba mu samu takarda mai manne ba, muka yayyanka kwali muka liƙa da salatif. Mutum goma sha ɗaya suka zo.

Hajiya, kin yi gaskiya. Ayyukana 12 sun koma 23. Mai wayarin ya ce ba a cire kwano sai ya zo ya kwance wayoyi da fankokin da ke jikin silin na ƙasa, wanda ko a mafarki ban sa ba. Kafinta ya ce shi ne na dekin shi ne na rufi, kuma gorar ma haya ce, yana da alkawarin mayar da ita. Muka ga ranar kwashe gora, 34, ta faɗa tsakiyar rufi, daga 33 zuwa 38. Muka yanke a bar gorar har ya sauko daga rufi, mu biya hayar ƙarin kwanaki, yara su ƙara sati a waje. Sannan matakala. Bene muke ginawa, mu bakwai, ba wanda ya rubuta matakala. Magini ne ya tambaya ta ina zai hau da bulo.

Wurin karatu ya samu, wani dattijo ya ba mu zaurensa da rumfar ƙofar gida, manyan aji kuma za su koma harabar masallaci tsakanin la'asar da magariba. An auna tagogi, mai walda ya karɓi rabin kuɗi, mun yi da shi mu ne za mu sayi man janareta. Injiniyan da zai duba ginshiƙai zai zo Talata.

Abu ɗaya ya rage da kibiyoyinsa suka zagaye suka ciji wutsiyarsu. Kuɗin da ke hannu sun kai mu ƙarshen bulo. Alhajin da ya yi alkawarin kwano da katako ya ce zai bayar in ya ga an kai linta. Kafinta ya ce in ana so ya fara rufi washegarin gama bulo, sai an sayi katako aƙalla sati biyu kafin nan ya sha iska, in ba haka ba zai kantare bayan an buga. Wato katako na jiran kuɗi, kuɗi na jiran linta, rufi kuma da yanzu ba shi da rarar ko kwana ɗaya yana jiran katakon da ya kamata a saya tun ba a fara bulo ba. Na zana wa shugaba a allo, ya daɗe yana kallo, ya ce in ɗauki hotonsa a waya. Gobe bayan isha'i za mu je gidan Alhajin mu uku, mu roƙe shi ya raba alkawarin biyu, kuɗin katako ranar da aka zuba dekin, na kwano in an kai linta. Injiniya, in ya ƙi, kwana nawa zan ƙara a kan 57?